Madara a Cikin Taya

Shekara talatin da takwas Mai Faci ya yi yana duƙe gaban daro guda, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa sayen ma'aunin iska ba. Babban yatsansa ne ma'auni. In ya gama hura taya sai ya danna ta, in yatsan ya lotsa ko da kaɗan ne ya ƙara famfo biyar, sannan ya ɗalle ta da farce ya kasa kunne. Sai ta amsa kamar ganga yake miƙa wa mai ita. A wurinsa taya mai laushi da mutum maƙaryaci duk jirgi ɗaya ya kwaso su, ba wanda zai kai ka inda za ka.

Rumfarsa a jikin gidansa take, ɗaki ne ɗan tsukuku mai ƙofa a bakin titi. Robobin cikin taya sun cika bango, kowace a kan ƙusarta, wasu ma facin da ke jikinsu ya fi asalin robar yawa. Ga famfon da hannunsa ya sha riƙo har ya yi sheƙi, ga gwangwanin sholishon liƙa faci, ga daron da ruwansa ya daɗe da yin baƙi. A ƙusa ta ƙarshe, kusa da ƙofa, akwai abin da ba na keke ba. Sandar dogarawa ce ta ƙarfe, irin wadda asibiti ke ba wanda ya karye.

Sandar ta Auta ce, ƙaramar 'yarsa, mai aikin gwajin jini a wani ɗakin gwaji. Shekara uku da suka wuce mota ta buge ta a kan hanyar aiki, gwiwarta ta hagu ta ragargaje, ta shekara cif tana dogara sandar nan. Likita ne ya ce ta riƙa tuƙa keke don gwiwar ta warware. Shi bawan Allah zagayen unguwa yake nufi. Ita kuwa Auta, da ma tun tana ƙarama in ka ba ta ɗani sai ta ɗauki kamu, sai ga ta ta rubuta sunanta a tseren kilomita ɗari biyu a kan hanyar tsakuwa. Dokar tseren ɗaya ce: a tashi ƙarfe shida na safe, wanda bai ƙetare layi ba kafin shida na yamma, ba a lissafa shi cikin waɗanda suka gama. Ranar da ta rubuta sunan ta shigo rumfa, ta rataye sandar da hannunta, ta ce ranar da ta gama tseren nan cikin awa goma sha biyu, ranar za a sauke ta a jefar. Kafin nan kada wanda ya taɓa.

Wata takwas ta yi tana shiri. Ta manna takarda a ƙofar ɗakinta, kullum sai ta rubuta nisan da ta yi da lokacin da ta ɓata. Kafin ta tafi aiki ta yi awa ɗaya da rabi, ranar hutu kuwa ta yi biyar, ta yi shida, har ta kai takwas. Akwai wani tudu a bayan gari da ko masu babur ke tsine masa, ita sai ta hau shi sau goma a jere. Ta koyi cin abinci a kan sirdi ba tare da ta tsaya ba. Tafin hannunta ya yi kanta, fuskarta ta yi duhu, takan dawo da taɓo har cikin kunne, uwarta tana faɗa tana ɗora mata ruwan zafi. A lissafin takardar ƙofa, in komai ya tafi daidai za ta gama cikin awa sha ɗaya da minti ashirin. Minti arba'in ke nan tsakaninta da rufe layi, kuma kowa a gidan ya haddace wannan arba'in ɗin.

Duk wannan bai dami Mai Faci ba, alfahari ma yake yi a ɓoye. Abin da ke cin ransa daban ne. Keken nan, mai faffaɗan taya da lanƙwasasshen kai, bai taɓa shiga rumfarsa ba. A ɗakinta yake kwana. Wata takwas a kan tsakuwa da ƙaya, a ce ko sau ɗaya bai yi faci ba? Wannan ko yaro aka gaya wa sai ya yi dariya. In ya tambaya sai ta ce, "Baba, ba abin da ya same shi," ta kawar da zancen. Shi kuwa ya gama yanke hukunci a zuciyarsa cewa wani take kai wa, wani mai shagon gilashi da rigar aiki mai rubutu, don tana jin kunyar daron ubanta.

Maƙwabcinsa Tela, wanda bakinsa ya fi keken ɗinkinsa gudu, bai bar ciwon ya warke ba. Duk sanda Auta ta wuce sai ya leƙo ya ce shi dai 'ya'yansa shi ke yi musu ɗinki, bai san yadda wasu gidajen suke ba. Mai Faci yakan yi kamar bai ji ba, ya ƙara danna roba cikin ruwa.

Ana gobe tsere, motar da za ta kwashi masu tseren garinsu za ta tashi ƙarfe biyu na rana. Da safe Auta ta wanke keken tas da sabulu, ta jingina shi a tsakar gida ya bushe, ta ce za ta leƙa wurin aiki ta miƙa wasu sakamakon gwaji ta dawo. Mai Faci ya fito zai tafi rumfa, ya wuce keken, ya dawo. Ba da wata niyya ba, hannu ne da sabonsa, ya kai yatsa ya danna tayar baya.

Yatsan ya nutse. Ya danna ta gaba, ita ma haka. Da wannan za a yi kilomita ɗari biyu? Ya ɗaga bayan keken ya juya ƙafar, sai ya ji wani abu yana kaɗawa a ciki, cakal-cakal, kamar gorar da aka sha rabi. Ya sake juyawa ya kara kunne. Ruwa ne, ba ko tantama, ruwa a cikin taya.

Bai tsaya shawara da kowa ba. Ya tura keken cikin rumfa, ya kwance ƙafar baya, ya sace iskar, ya sa ƙarfen cire taya. Tayar ta yi gardama, ta manne wa gargaren ƙarfen ƙafar kamar an liƙe ta, sai da ya sa gwiwa. Da ta buɗe sai wani farin ruwa mai kauri ya kwararo masa a ƙafa. Ya cusa hannu zai jawo robar ciki, hannun ya zagaye tayar kaf ya dawo wayam. Babu roba. Ya yi mutuwar zaune, ya saki baki yana kallon tafin hannunsa.

Ya san motoci na da irin tayar nan marar roba, ba baƙauye ba ne. Amma keke? Keken da gargarensa duk ramukan waya ne? Da ya duba sai ya ga an bi ramukan an liƙe da wani siririn tef mai launi. Nan take ya ga bakin zaren, ko kuma dai ya ɗauka ya gani. Wani malalacin makanike ne ya cuci 'yarsa, ya liƙe ramuka da tef ya sallame ta, ga shi yau ta wanke keke ruwan sabulu ya sami hanya ya shige. Da ya juya tayar ya ga cikinta sai da ya yi salati. Wasu dunƙule-dunƙulen roba ne manne ko'ina kamar ƙuraje, kuma a tsakiyar kusan kowanne akwai kan ƙaya.

Ya kira Tela ya zo ya ga ta'asa. Tela ya zo da awo a wuya, ya leƙa, ya riƙe haɓa, ya ce ai da ma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, Allah ne ya so yarinyar nan da rahama da ubanta ya taɓa keken yau. Maganar nan ta yi wa Mai Faci daɗi fiye da yadda zai yarda ya faɗa.

A gaskiya, tunda yake bai taɓa yin aiki mai kyan na ranar ba. Ya wanke cikin tayar sau uku, ya bi dunƙulen nan ɗaya-ɗaya ya kankare, ya zare ƙayoyi bakwai ya jera su a kan benci don ya nuna mata. Ya ɓare tef ɗin, ya yanko zirin tsohuwar roba ya naɗe gargaren yadda aka koya masa tun yana ɗan shekara sha huɗu. Ya ɗauko sabuwar robar ciki a kwalinta, ita kaɗai ta rage masa mai wannan girman, ya barbaɗa mata hoda. Da ya zo sa bawul sai ramin ya ƙi karɓa, don bawul ɗin da ya cire siriri ne kamar tsinke, nasa kuwa mai kauri ne. Wannan ba sabon abu ba ne a rumfar, ya yi wa kekuna fiye da ɗari. Ya ɗauko magagari ya faɗaɗa ramin, ya hure garin ƙarfen, bawul ya shige zuruf. Ya hura, ya danna, ya ƙara biyar, ya ɗalla. Tayar ta amsa kamar ganga.

Ya kwance ta gaba ke nan, ya buɗe ta, yana tsiyaye farin ruwan a magudanar bakin titi, sai inuwa ta tsaya a kansa.

Auta ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Jakarta ce ta zame daga kafaɗa ta faɗi, ba ta ko kalle ta ba. Ta durƙusa a bakin magudana da kayan aikinta, ta dangwali farin ruwan ta murza a yatsu. Ta tashi ta shiga rumfa, ta ga tef a ƙasa, ta ga ƙayoyi a jere, ta ga dunƙulen roba a tare a gefe. Shi kuma yana biye da ita yana bayani da muryar wanda ya kama ɓarawo, yana cewa ta ga irin cutar da aka yi mata, ta gaya masa ko wane ne ya je ya same shi. Sai idonta ya kai kan bawul ɗin tayar baya.

"Baba," ta ce, muryarta can ƙasa, "ya aka yi wannan ya shiga?"

Ya nuna mata magagari. Ta dafa bango ta zauna a kan bencin masu jiran gyara, ta rufe fuska da hannu biyu. Tela, da ya ga hadari ya haɗo, sai ya tuna yana da ɗinkin gaggawa.

Da ta buɗe fuskar ta yi masa bayani a hankali, irin yadda take wa marar lafiya bayanin sakamakon da ba shi da daɗi. Ba wanda ya cuce ta, ita ta haɗa tayoyin da hannunta a ɗakinta. Farin ruwan ba sabulu ba ne, madara suke ce masa, zuba shi ake yi da gangan. In ƙaya ta huda taya, iska ce ke tura madarar cikin ramin, ta daskare ta toshe shi, mai keke bai ma san an yi ba. Laushin kuma da gangan ne, don taya mai tauri tsalle take yi a kan tsakuwa, duk dukan a gwiwa yake ƙarewa. Ta ɗauki dunƙule ɗaya daga cikin waɗanda ya kankare, ta ɗora masa a tafin hannu.

"Wannan faci ne, Baba. Duk waɗannan faci ne. Tayar da kanta ta yi su."

Ya kalli abin da ke hannunsa. Ya ji kansa yana tambaya, da wata murya da ba tasa ba, me ya hana ta gaya masa tun farko.

"Ta yaya zan shigo rumfar nan in ce maka ga tayar da ba ta buƙatar mai faci?"

Ashe ba kunyar daronsa take ji ba, tausayinsa take ji. Wannan ya fi masa zafi nesa ba kusa ba. Wata takwas yana zargin wani mutum da ba a ma haife shi ba, ga shi garin neman gira ya tsole wa 'yarsa ido ana gobe tsere.

Ta duba agogo, sha biyu saura kwata, ta miƙe ta naɗe hannun riga. Ƙafar baya ta gama yawo, ramin da aka faɗaɗa ba zai sake riƙe siririn bawul ba tare da iska ta tsere ba, kuma ba a samun irin gargaren a garin. Dole ta tafi da robar ciki. Ta gaba kuwa tef ɗinta na nan, kuma madarar da ta rage a kwalba ta taya ɗaya ce daidai. Ta zuba, ta mayar da tayar, ta kama famfo. Iska ta riƙa fita ta gefe kamar ana hura kwando, don leɓen tayar ya ƙi kama gargare. Ta hura har gumi ya jiƙa mata baya. Uwarta ta fito bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta kalli mijinta, ta kalli 'yarta, ta fahimci ba ranar tambaya ba ce.

Mai Faci yana tsaye kamar an dasa shi, yana tsoron hannuwansa. Amma ido ba ya mance aiki. Ya ga inda iskar ke guduwa, ya sauko da wata tsohuwar roba daga ƙusa, ya tsaya riƙe da ita bai matso ba sai da Auta ta ɗaga kai ta gyaɗa masa. Ya naɗe tayar da robar ta tsakiya, ya ɗaure tamau har leɓunan suka baje suka taɓa gargare, ya karɓi famfo ya hau shi da duk ƙarfin da ya rage masa. Tayar ta yi ƙara tau, ta sake tau, har ludayin ya kuɓuce wa uwar. Iska ta zauna.

Sai Auta ta juya kan tayar baya, aikinsa mafi kyau, ta danna bawul. Ya tsaya yana jin iskarsa tana fita. Ta sa ɗan ma'auninta, ta ƙara ragewa, ta ce ba za ta kai ta laushinta na da ba don kada gargare ya ciji robar, amma haka nan ma gwiwa za ta ji a jikinta. Roba ɗaya gare ta ta ko-ta-kwana a jakar sirdi. Ya ɗauko wani ɗan gwangwani, ya zuba samfefa da sholisho da faci shida da ya yanka ya feƙe gefensu, ya miƙa mata ba tare da ya iya haɗa ido da ita ba. Ta karɓa ta sa a aljihu. Shi kuwa ya gwammace ta zage shi.

Washegari, a karon farko cikin shekara talatin da takwas, rumfa a buɗe amma ba a aiki. Wanda duk ya turo keke sai a ce masa ya dawo gobe. Mai Faci yana shagon Tela tun shida saura, sun sa waya a gaba. Kowane mai tsere an ɗaura masa wata 'yar na'ura, sai ka ga ɗigonsa yana rarrafe a kan taswira, ga lambarsa a gefe. Tela ya nemo lambar Auta ya jingina wayar da gwangwanin maɓallai. Yau bakinsa ya mutu, ko keken ɗinkin bai taka ba.

Har ƙarfe tara ɗigon yana tafiya lafiya, har Mai Faci ya fara jin numfashinsa yana daidaita. Tara da kwata ɗigon ya tsaya, a inda babu wurin shan ruwa, babu komai. Tela ya ce wataƙila waya ce ta ɗauke. Mai Faci kuwa ya san wannan tsayuwar kamar yadda ya san sunansa. Bayan minti sha ɗaya ɗigon ya motsa. Ta sa robar ko-ta-kwana ke nan, yanzu ba ta da wata.

Tsayuwa ta biyu ta zo ƙarfe ɗaya saura, rana na tsakar ka. Wannan karon faci ne, kuma Mai Faci ya yi shi tare da ita daga kan kujerar Tela. Yanzu ta kwance ƙafa. Yanzu tana neman ramin, ba daro, sai dai ta kara robar a leɓe ta ji inda iska ke hurowa. Yanzu samfefa. Yanzu sholisho. Leɓunansa suna motsi, Tela ya matso ya ji yana cewa kada ki yi gaggawa, bari ya sha iska, bari ya daina sheƙi. Ya san duk minti ɗaya da take jiran sholisho daga cikin arba'in ɗin nan ake yankarsa, kuma ya san in ba ta jira ba facin zai tashi. Minti sha tara. Ya lissafa da yatsu, saura goma.

Uwar Auta ta kawo masa abinci ta mayar da shi yadda ta kawo. Ƙarfe huɗu da rabi ɗigon ya sake tsayawa, Mai Faci ya tashi ya fita bakin titi, ya dawo, ya sake fita. Da ya dawo na uku Tela ya ce masa minti ashirin da biyu, amma ta tashi, kuma gudu take yi yanzu fiye da na safe. Ya zauna ya dafe gwiwarsa ta hagu, bai san ya dafe ba.

Shida ta buga ɗigon yana da saura kilomita uku. Ya ɗauka za ta tsaya, tunda aikin gama ya gama. Ba ta tsaya ba. Suka zuba ido tana matsowa a hankali har ta hau kan layin, shida da minti tara. Wani ɗan rubutu ya fito a gefen lambarta, Tela ya karanta a zuci ya kife wayar.

Ta dawo washegari da rana, tana ɗan ɗingishi, leɓunanta sun tsage. Uwarta ta rungume ta tana kuka tana cewa ai ta gama, ɗari biyu ai ɗari biyu ce. Mai Faci ya shiga rumfa ya sauko da sandar daga ƙusa, ya fito da ita a hannu biyu. Ya kwana yana shirya maganar da zai yi, amma da ya buɗe baki abin da ya fito kaɗan ne. Ya ce minti taran nan nasa ne, ba nata ba ne, ita ta cika alkawarinta, ta bari ya jefar.

Ta kalli sandar.

"Awa sha biyu na ce, Baba. Mayar da ita."

Ba da fushi ta faɗa ba, kuma hakan ne ya sa ya kasa musu. Ya mayar da sandar kan ƙusarta. Da ya juyo sai ya ga ta turo keken har cikin rumfa, ta jingina shi da benci, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ya duba mata shi in ya sami sarari, ta ajiye ɗan gwangwanin a kan sirdi, ta shige gida tana bin bango.

Ya fara da tayar gaba. Ya danna, iskarta na nan yadda aka hura ta shekaranjiya. Ya bi ta da yatsa a hankali, ya ji kan ƙaya, ya ƙara gaba ya ji wani. Ya ƙirga sha ɗaya. Ya sa farce ya zare guda, iska ta yi tsii, wani farin ɗigo ya tsatso, kafin ya kai hannu ga sholisho ta yi shiru. Ya zare ta biyu, haka. Ya zauna a ƙasa yana kallon tayar. Faci sha ɗaya ke nan, aikin yini guda a rumfar nan, kuma ko tsayawa ba a yi ba.

Sai ya kwance ta baya ya jawo robar. Faci biyu ne a jikinta, nasa yankan, amma ba nasa aikin ba. An goge wurin daidai faɗin facin, ba a wuce ba, ba a gaza ba. Gefen ya kwanta lumui, ya sa farce ya nemi inda zai ɗaga ya rasa. Bai taɓa koya mata ba, 'yan'uwanta maza ya koya wa, su kuma ba wanda ya riƙe. Ita dai takan zauna a bakin ƙofa tana ƙarama, da littafinta a cinya, shi yana zaton karatu take yi.

Ya hura robar ya tsoma ta a daro. Ya danna facin farko cikin ruwa ya jira, ya juya ya danna na biyu. Ya zagaye robar kaf, ya sake zagayewa. A ransa yana so ko da kumfa ɗaya ce ta taso, ko ƙanƙanuwa, don ya sami abin da zai gyara mata da hannunsa. Tela ya leƙo zai yi magana, ya ga fuskarsa, ya koma. Mai Faci ya ci gaba da riƙe robar a ƙarƙashin ruwa har yatsunsa suka yi yaushi, ruwan bai motsa ba.